MGB ta 1969 ko BMW M4: Wace Ce Ta Fi Daɗin Tuƙi?

Na Birmingham: Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau na zo da magana, kuma na san za ku yi mini ca. Ranar Asabar ni da wani abokin aikina muka yi musayar makulli. Ya ba ni BMW M4 Competition ɗinsa ta 2021, ni kuma na ba shi tsohuwata, MGB ta 1969, 'yar motar wasanni ta kamfanin MG na Ingila, da kuka saba yi mini dariya a kanta. Muka shiga ƙauyukan Cotswolds, na tuƙa tasa a zuwa, na karɓi tawa a dawowa, hanya ɗaya. Hukuncina shi ne, a kan titin da jama'a ke bi, MGB ta fi M4 daɗin tuƙi nesa ba kusa ba. Wanda bai yarda ba, ga fili ga mai doki.

Autan Abuja: Wa alaikumus salam. Yaya, sanyin Ingila ne ya taɓa ka ko azumi kake? Inji mai ƙarfin doki 95 za ka jera da mai doki 510?

Na Birmingham: Auta, ban ce ta fi ta gudu ba. Sake karantawa.

Autan Abuja: Na karanta. Amma motar wasanni in ba gudu, me ya rage? M4 tana tashi daga tsaye zuwa kilomita 100 a daƙiƙa 3.9. Taka sai ta kwashe wajen daƙiƙa 12. Wallahi Corolla ɗin da ake kai yaran gidanmu makaranta da ita za ta bar ka a danja. Ruwa ba sa'an kwando ba ne, Yaya.

Na Birmingham: Gaskiyarka, Corolla za ta bar ni. Amma bari in gaya maka yadda tafiyar ta kasance. Hanyar nan ƙarama ce, shingen ciyayi dama da hagu, kwana a kan kwana, doka kuma mil 60 a awa, wato kilomita 96. Na shiga M4, na ɗan taɓa totur da ɗan yatsan ƙafa, kafin in haɗiye yawu na wuce doka. Sai birki. In sake taɓawa, in sake birki. Awa guda na yi ina riƙe da ita kamar mai jan ingarma a cikin kasuwa, idona rabi a titi rabi a kan allo. Giya takwas gare ta, amma tun a ta uku ka wuce mil 70 da ake yarda da shi a babbar hanya. Saura biyar ɗin na wa? Ga faɗi, kusan mita 1.9. Duk motar da ta taho gabana sai na ji cikina ya ɗuri ruwa saboda madubin mutane.

Da na koma cikin tawa kuwa, faɗinta mita ɗaya da rabi ne da 'yan kai, hanyar sai ta zama fili. Ina zaune dab da ƙasa, in na miƙa hannu ta kan ƙofa kamar in taɓa kwalta. Kafin kwana in taka birki, in sauko daga ta huɗu zuwa ta uku da hannuna, in ji injin ya ɗaga murya, sitiyarin ya yi nauyi a tafin hannuna yana gaya mini abin da tayoyin gaba ke takawa, har tsakuwa. In fito daga kwanar in take totur har ƙasa, har ƙasa fa, in duba allo in ga mil 50. Na yi amfani da duk abin da motar take da shi, ban karya dokar kowa ba.

Injiniya: Ku bari in raba muku abu biyu da kuke cakuɗawa. Akwai gudu, akwai jin gudu. Auta yana maganar na farko, Malam yana maganar na biyu.

Jin gudu daga ƙara yake zuwa, da iska, da girgiza, da kusancin mutum da ƙasa, da kuma yadda tayar ke kusantar iyakar riƙonta. MGB ba ta cika tan ɗaya ba, tayoyinta sirara ne, faɗin milimita 155 zuwa 165 a kan rim 14. M4 ta haura kilo 1,700, tayar gaba 275, ta baya 285. Kwanar da MGB za ta fara kuka a cikinta, M4 ko a jikinta. Kafin ka kai M4 inda za ta fara yi maka magana, kana gudun da in ɗan sanda ya kama ka sai kotu. Ga shi an toshe ta da abin hana ƙara ta ko'ina, sitiyarinta na lantarki ne mai tace girgiza. Har ma ƙarar injin da kake ji a ciki, wani ɓangarenta ta lasifika kamfanin ke ƙaro maka.

Autan Abuja: Injiniya, wannan ta ƙarshen sharri ne.

Injiniya: Ba sharri ba ne, BMW ba su ɓoye ba. Sun daɗe suna yi a motocinsu na M. Sun rufe ƙarar waje don a ji daɗin doguwar tafiya, sai suka ga direba ya daina jin inji, suka dawo masa da ita ta rediyo.

Autan Abuja: To na ji. Amma ku ma ku ji tawa. Yaya ya ɗauki dokin sukuwa ya shiga da shi lungun cikin gari, ya dawo yana cewa jaki ya fi. Ai a lungu dole jaki ya fi. Ka kai ta filin tsere mana. Kuna da Silverstone, kuna da Donington, duk ba su da nisa da Birmingham, kuma ana biyan kuɗi a shiga da motar gida a ranakun da aka ware. Ko ka tsallaka Jamus inda aka haife ta, inda akwai sassan babbar hanya da ba iyakar gudu. An ɗaure ta a kilomita 250, in ka biya ƙari su sake maka ita zuwa 290. Ka gwada ta a can sannan ka zo mu yi magana. Ba a yi wa mota hukunci a wurin da ba nata ba.

Na Birmingham: Wannan magana ce, na karɓa. Sai dai mai motar shekara uku yana da ita, sau ɗaya ya taɓa kai ta filin tsere, ya dawo ya sayi sababbin tayoyi da takalman birki, bai sake komawa ba. Sauran kwanakin duk a hanya ɗaya muke da shi, cikin cunkoso ɗaya, ƙarƙashin kyamara ɗaya. Kai ma Auta, Mercedes C63 ɗinka, ina kake kai ta? Dokar babbar hanya a gida kilomita 100 ce.

Autan Abuja: Wannan kuma tsakanina da Ubangijina.

Sarkin Zaure: Auta, a zauren nan ba ma tafa wa masu tsere a titin filin jirgi da daddare. Ka sani.

Autan Abuja: Tuba nake, ranka ya daɗe.

Dakta: Salamu alaikum. Na yi niyyar in karanta in wuce, amma na kasa. Malam, akwai wata kalma a maganar Injiniya da kuka tsallake. Ya ce daɗin MGB yana zuwa ne daga kusantar iyakar riƙon taya. A Hausance, kana jin daɗi ne saboda saura ƙiris ta ƙwace maka, a gudun da motar zamani ba ta ma san ana tafiya ba. To ranar da yaro ya fito da keke daga bayan shingen nan fa? Ko ruwa ya sauko, tunda garinku ba a rasa shi?

Ni a sashen hatsari nake aiki, ba a littafi na karanta ba. Motarka ba ta da jakar iska ko ɗaya. Ba ta da ABS, in ka danne birki da ƙarfi tayoyi su kulle ka tafi a miƙe ko da ka murza sitiyari. Ba ta da kwamfutar da ke gyara mota in bayanta ya fara sulɓewa, abin da Tarayyar Turai ta wajabta wa kowace sabuwar mota tun 2014. Birkin bayanka na ganga ne. Rufinka tamfol ne, in ta kife kanka ne ginshiƙi. A 2009 cibiyar IIHS ta Amurka, mai gwajin karon motoci, ta haɗa Chevrolet Bel Air ta 1959 da Malibu ta 2009 gaba da gaba, bidiyon yana nan a YouTube. Tsohuwar, wadda kowa ke cewa ƙarfe ce zalla, ita ta lanƙwashe ta shigo wa direba har ƙirji, sabuwar kuwa ɗakin direba bai motsa ba. Kuma Bel Air ƙatuwa ce. Taka ko tan ɗaya ba ta kai ba, tana yawo cikin jifa-jifai masu tan biyu da rabi.

Na Birmingham: Dakta, ba ni da amsar wannan. Abin da zan iya cewa kawai, sanin haka yana sa in bar tazara mai yawa, kuma ba na hawa babbar hanya da ita sai dole. Wanda ke cikin M4 kuma yana jin kamar ba abin da zai same shi.

Dakta: Tazararka ba ta hana wani ya shigo maka daga gefe. Tambaya ɗaya: kana ɗaukar 'yarka a ciki?

Na Birmingham: Mamanta ta hana.

Dakta: Allah Ya yi wa Maman albarka.

Injiniya: Amma Dakta, a yi wa ɗaya ɓangaren adalci. In gudu ya ninka biyu, ƙarfin karo ninki huɗu yake yi. Mota mai nauyin kilo 1,700 a kilomita 180 tana ɗauke da ƙarfin da ya fi na MGB a kilomita 90 sau bakwai ko kusa da haka. Jakar iska tana ceton na ciki. Mai keken da kika ambata ba shi da jaka.

Dakta: Na yarda. Sai dai wannan laifin ƙafar direba ne, ba na mota ba. A gudu ɗaya, M4 za ta tsaya tun MGB tana neman birki.

Baba Mai Gareji: Salamu alaikum 'ya'yana. Jikana ne ke rubuta mini, ni idona ba ya ganin ƙananan baƙaƙen nan. Na ji ana maganar MG shi ya sa na ce a ba ni dama.

Ni na yi yaron gareji a Kaduna tun ana tuƙi a hannun hagu, kafin a juya mu dama a watan Afrilun 1972. Turawan masaƙu da wasu hafsoshi suna da irin waɗannan, MG da Triumph. Na kwanta a ƙarƙashinsu ba sau ɗaya ba. To ɗana na Birmingham, kada daɗin ranar Asabar ya rufe maka ido. Motocin nan masifa ne. Watan Afrilu in rana ta take, lagireto ya tafasa. Zafin inji da na akwatin giya ya riƙa dukan ƙafar direba kamar yana zaune gaban tanda. Wayarin ɗinsu na kamfanin Lucas, mai rewayarmu har ya gaji da zagi, fitila ta ɗauke maka a daji ba sallama. Batir biyu ne masu bolt shida-shida a bayan kujera, sai ka ɗage murfi kana tsugune kafin ka zuba musu ruwa. Ga ƙasa-ƙasa, tudu kaɗan salansa ta tafi. Inda ta kwana kuwa, da safe sai ka ga ɗigon baƙin mai. Maigidana yakan ce ranar da ta daina ɗiga, to ya ƙare ne. Da Peugeot ta fara fitowa daga masana'antar Kaduna a 1975, ba wanda ya yi kukan rabuwa da su.

Autan Abuja: Allah Ya ƙara wa Baba lafiya! Shari'a ta ƙare.

Baba Mai Gareji: Tsaya yaro, ban gama ba. Duk masifar da na lissafa, da sifana da sukundireba da kunnena nake maganinta. In ta ƙi tashi, abu uku ne: mai, wuta, iska. In buɗe difita in goge kwantak da 'yar takardar yashi, in gyara tazara, ta tashi. Irin taka kuwa an kawo wa ɗana ɗaya gareji kwanakin baya, fitila ta kunno a allo, motar ta ƙi wuce gudun keke. Muka zagaya ta kamar masu kallon gawa. Sai da aka kira wani yaro da kwamfuta, ya ce wata na'ura ce mai girman ɗan yatsa, sai an yi odarta daga waje. Sati biyar tana cin ƙura. Shekara hamsin ina wannan sana'a, ranar na ji ni baƙo ne a garejina. Kuma man da kuke zuba mata a nan ba shi aka yi ta da shi ba, ita mai kyau take so, shi ya sa take yawan tari.

Maganar daɗi kuwa, in mai mota ya bar mana ita muka fita gwaji a hanyar Zariya da yamma, rufi a buɗe, na san abin da ɗana na Birmingham yake faɗi. Ba ƙarya yake ba.

Sarkin Zaure: Baba ya raba gardama ya ba kowa rabi, ya riƙe rabi.

Na Birmingham: Baba, Allah Ya ja kwana. Duk abin da ka lissafa tawa tana yi, har kwali nake shimfiɗa mata a gareji. Nan kuma babban abokin gabarta tsatsa ce, saboda gishirin da ake watsa wa titi lokacin sanyi yana cin ƙasan ƙofofi. Amma kayan gyara ba matsala. An ƙera sama da 500,000 a Abingdon daga 1962 zuwa 1980 da aka rufe masana'antar, kuma har yau kamfanin British Motor Heritage suna buga sabon gangar jikinta da ainihin injinan da aka yi na farko da su. Abin da na yi oda yau, jibi yana ƙofar gida. Tunda ta haura shekara 40, ba na biyan harajin hanya, ba dole in kai ta gwajin shekara-shekara ba, ko da yake ina kai ta don kaina. Abokina kuwa kuɗin inshorarsa kaɗai ya isa ya riƙe tawa shekara.

Autan Abuja: Ka ga ka sauya magana. Daga daɗin tuƙi mun koma araha. In araha ake nema ai sai a sayi keke.

Na Birmingham: Baba na ba amsa, ba kai ba.

Injiniya: Ni abin da ke ba ni haushi da motocin yanzu nauyi ne. Colin Chapman na kamfanin Lotus ya fitar da Elan a 1962, shekara ɗaya da MGB, nauyinta wajen kilo 680, jikinta na roba mai zare. Hujjarsa ita ce ƙarin ƙarfi a miƙaƙƙiyar hanya kaɗai yake amfani, rage nauyi kuwa ko'ina yana amfani, a kwana, a birki, a shan mai. Yanzu an juya. A ƙara nauyi, sai a ƙara doki don a ja nauyin, sai a ƙara birki da taya don a tsayar da dokin, sai nauyi ya sake ƙaruwa. Auta, sabuwar C63 da ta gaji taka, silinda huɗu ce da batir, doki 680, nauyinta ya haura tan biyu. Ka ce mini wannan ci gaba ne?

Autan Abuja: Kada ka taɓo mini wannan ciwon. Ranar da suka cire injin V8 ɗin nan mai silinda takwas na yi zaman makoki. Ko kyauta aka ba ni sai na sayar.

Na Birmingham: Af! To me ya sa? Ai ta fi taka ƙarfi, ta fi taka saurin tashi. Da lissafinka na ɗazu ita ce gaba.

Autan Abuja: Ba ta da murya, Yaya. In na tayar da tawa da safe har ƙirjina nake ji.

Na Birmingham: Sarkin Zaure, a rubuta. Auta ya ce ya fi son mai ƙarancin doki saboda abin da yake ji a jikinsa. Barka da zuwa layinmu, shekarunka ne kawai ba su kai ba.

Autan Abuja: Tarko ne wannan, ban yarda ba. Doki 476 da doki 95 ba layi ɗaya ba ne.

Dakta: Ni dai in dole sai an yi wannan wasan, me ya hana Mazda MX-5? Ƙarama ce, rufi a buɗe, giyar hannu, amma da jakar iska da ABS.

Injiniya: Ita ce ma amsar da Japanawa suka bayar tun 1989. Sun ɗauki fasalin Elan da MGB suka yi wadda ba ta ɗigar mai, kuma ta haura miliyan ɗaya a 2016. Ta yanzu ma kaɗan ta ɗara tan ɗaya. Takensu a kanta da harshensu yana nufin doki da mahayi su zama jiki ɗaya.

Na Birmingham: Na tuƙa ta, mota ce mai kyau, kuma in hankali za a bi Dakta ta yi gaskiya. Amma ba ta da cok da za ka ja da safe ka saurara har inji ya daidaita. Ba ta da ɗan makunnin nan na ƙarin giya da nake taɓawa a ta huɗu, in ji inji ya sauke numfashi. Ba ta warin mai da tsohuwar fata. Na san wannan ba hujja ba ce.

Dakta: Ba hujja ba ce, so ne. Da ka faɗi haka tun farko da ban ɓata hutuna ba.

Na Birmingham: Rabi so ne, Dakta. Rabin kuma ina nan a kan bakana: a mil 50 ni nake tuƙa MGB, M4 kuwa ita ke haƙuri da ni.

Sarkin Zaure: Ba ka gaya mana abin da mai M4 ya ce ba da ya sauko daga taka.

Na Birmingham: Ya fito yana dariya kamar yaro, gashinsa a hargitse. Sannan ya ce ƙafarsa ta hagu ta mutu, kuma a kwanar farko ya taka birki ya ɗauka babu. Na ce mu yi musaya ta sati guda, ya ce yana da taro a Manchester ranar Litinin kuma an ce za a yi ruwa.

Autan Abuja: Shi ke nan, shaidarka ma ya gudu.

Na Birmingham: Baba, tunda kana kusa. Tun dawowarmu in ta yi zafi tana rawa a tsaye, kamar silinda biyu na gaba da biyu na baya ba sa jituwa. Na canza fulogi, ba ta daina ba.

Baba Mai Gareji: Kafiretocinka ne ba su daidaita ba, guda biyu ne ai, ƙirar SU. Bari ta yi zafi sosai, ka cire abin tace iska, ka sassauta sandar da ta haɗa su don kowace ta tsaya da kanta. Nemi guntun tiyo, baki ɗaya a kunnenka, ɗaya a bakin kafireta ta gaba, ka saurari hucinta. Ka koma ta baya, daidai wuri ɗaya. Wadda ta fi huci ka rage mata sukurun tsayuwa kaɗan-kaɗan har muryarsu ta zama ɗaya, sannan ka ɗaure sandar. Kafin duk wannan ka kwance baƙin murfin da ke saman kowace ka duba mai, in ya bushe ka ɗiga mata. Kuma kada ka taɓa na ƙasan, na mai, sai ka turo mini hoton fulogin da ka cire na ga launinsu.

Na Birmingham: An gama, Baba. Tiyon injin wanki zai yi?

Baba Mai Gareji: Ya yi faɗi. Nemi siriri, irin na mai.